Rubutun Jikin Kabewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗana Sagir.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ka Zariya lafiya, ya tsare ka daga direba mai gudu da abokin banza, ya buɗe maka kai a karatun da za ka. Amin. Na sa addu'ar a farko ne don kada in manta da ita, domin raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Da ajami na soma rubutun nan, sai na tuna ka ce idonka ya daina gane shi tun da ka shiga sakandare. To ga boko, irin wanda na koya a jikin buhunan citta da allon shaguna. Inda na karya harafi ka gyara a ranka, tunda yanzu kai ne malamin gidan. Ka kuma san dalilin da ya sa ban kira ka ɗaki mun yi magana ba. Ni Garba, in na buɗe baki a Kafanchan, kafin in kai ƙarshe an fara dariya. Ranar da na ce wa mamanka babur ya kayar da ni a hanyar Kwoi, sai da ta ga jini ta yarda. Jiya ma da na ce maka, "Sagir, kashe wayar nan," murmushi ka yi, ka ɗauka wata tsiyar zan ƙulla. A takarda dai ba za ka ga fuskata ba balle ka yi dariya.

Bari in maimaita maka abin da ya faru jiya, don na lura kana wurin amma ba ka gani ba.

Mamanka ta yi tuwo da miyar taushe don sallamarka. Mama Rifkatu, maƙwabciyata ta rumfar citta, ta zo maka da ƙullin gyaɗa. Sai ga baffanka Habibu ya yi sallama. Ka san tun ranar da matarsa Zulai ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ƙanen nan nawa bai sake taka masallaci ba, bai kuma sake zama cin abinci a gidan nan ba. Daga garejinsa sai ɗakinsa. Jiya ya shigo da ƙafarsa, ya zauna a tabarma kusa da ni. Hannun rigarsa a naɗe yake. Na duba, sai na ga danshi a gwiwar hannunsa, na ga ruwa a bayan kunnensa. Sagir, bakanike da fetur da omo yake wanke hannu, kuma a wuyan hannu yake tsayawa. Ba ya kaiwa gwiwa, ba ya taɓa kunne. Alwala ya yi. Na kalli mamanka, ita ma ta gani, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kwasar tuwo. Ni da ba na iya riƙe magana, jiya na riƙe ta har haƙorina yana ciwo.

Sai kai ka zaro waya.

Ka kunna mana wani mutum mai farar riga irin ta likitoci, bayansa hoton ƙwaƙwalwa an shafa mata ja da rawaya, bakinsa na motsi daban, muryar Hausa da aka ɗora masa na tafiya daban. Wai masana sun gano ƙwayar imani a cikin kan ɗan Adam, wai hujja ta zo da za ta rufe bakin duk mai musun akwai Allah. Ka ɗaga wayar sama kana zagayawa da ita kamar mai tallan maganin basir.

Mama Rifkatu ta ce, "Ƙwaya kuma? Ba shi ne 'yan sanda ke kama yara a kai ba? Yanzu ya shiga kan kowa?"

Aka yi dariya. Da a nan ka tsaya, da na yafe. Amma ka gyara murya ka yi mana bayani, cewa ƙwayar halitta ake nufi, wadda ake gado daga iyaye kamar tsawo da launin fata. Sannan ka juya wajen baffanka, da murmushin nan da na san inda ka samo shi, ka ce, "Baffa, ko kai ma a kai ka a duba? Wataƙila taka ce ta yi sanyi."

Habibu ya mayar da lomar da ya ɗauka cikin kwano. Ya ce, "To Sagir, in a ƙwaya take, ni mene ne laifina? Ka je ka tambayi wanda ya raba." Ya warware hannun rigarsa, ya saukar da shi har ƙasa, ya sa maɓalli. Ya ce mana sai an jima.

Kai kuma ka bi shi da kallo ka ce, "Ai wasa nake."

Wasa! A gabana kake cewa wasa? Ni na san wasa tun ba a yi tunanin haihuwarka ba. Shekaru muna lallaɓa mutumin nan, ba mu ce masa tashi ka yi salla ba, ba mu yi masa kallon banza ba, ya fara dawowa da kansa a hankali kamar kazar da aka taɓa jifa, kai ka zo da bidiyon da ko sunan mai maganar ba ka sani ba ka kore shi. Wallahi jiya da ba don idon Mama Rifkatu ba, da wayar nan ta kwana a rijiya.

Na san bakin nan nawa ne ka ɗauko. Saboda haka zauna ka ji inda ya taɓa kai ni.

Ina makarantar allo, babu wanda ya kai ni kyan rubutu, har Malam kan sa ni in rubuta wa ƙanana allunansu. Kakarka tana da 'yar gonar kabewa a bayan gida, wajen layin dogo. Wata rana na lura da wata kabewa da kaza ta karta tun tana ƙarama, ta girma da tabon, ya taso ya yi fari kamar da shi aka halicce ta. Shaiɗan ya ce mini, "Garba, ka gani?" Na ce na gani. Na sami wata 'yar ƙarama da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, na ɗauki ƙusa na rubuta sunan Allah a jikinta, na rufe da ganye. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce, na jira kabewar nan har ta nuna. Rubutun ya girma tare da ita, ya fito raɗau. Sai na ƙwala ihu.

Kada ka so ka ga unguwarmu a makon nan. Aka ɗora ta a faifai, aka shimfiɗa mata farin ƙyalle, aka fesa turare. Mutane har daga Madakiya a kan keke. Wani tsoho ya durƙusa yana kuka, gemunsa ya jiƙe. Ni ina gefe ina cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Habibu kuwa, lokacin bai fi a aike shi sayen gishiri ba, shi ya zama mai gadinta. Ya ƙi wasa, ya ƙi cin abinci sai a gabanta, yana kore mata ƙuda da mafici. Duk yaron da ya gani sai ya ce masa, "A gidanmu Allah ya yi rubutu."

Malam ya yi tafiya a lokacin. Kafin ya dawo, kabewa ta fara yin abin da kabewa ke yi. Gindinta ya yi laushi, ruwa ya fara tsiyaya a ƙyallen, ƙudaje suka fi ƙarfin maficin Habibu. Wari ya cika zaure, amma wa zai ce tana wari? Sai ƙara turare ake yi. Babu mai iya ci, babu mai iya zubarwa. Manya da rawunansu suna shiga suna danne numfashi suna fitowa suna cewa, "Ikon Allah."

Malam ya dawo, aka kai shi. Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Wutsiyar harafin nan na ƙarshe da aka lanƙwasa kamar ƙugiya, mutum ɗaya ne ke yin ta a makarantata. Ina Garba?"

Dukan da na sha ba shi ne labarin ba, ko da yake har yau in hadari ya taso bayana yana tuna mini. Malam ya sa wuƙa ya feɗe fatar da ke da rubutun, ya wanke, ya binne a wuri mai tsabta, sauran ya ce a ba awaki. Ya juya ga jama'a ya ce, "Ku kuma, da can ba ku san Allah ba sai da kabewa ta nuna?" Kowa ya sulale. Yaran unguwa suka laƙaba wa Habibu "Mai Kabewa", sunan ya bi shi har ya fara gemu. Ranar da na sha dukan, Habibu ya same ni ina kwance rub da ciki, ya ce, "Yaya, to wanne ne kuma ba kai ka rubuta ba?" Na yi dariya, na ce ya tafi ya ba ni wuri.

To ka ji. Kada ka kuskura ka ɗora imanin mutum a kan abin da ke nuna ya ruɓe. Ban ce mai farar rigar nan maƙaryaci ba ne, ban san shi ba, kai ma ba ka san shi ba. Wataƙila da gaske an ga wani abu a cikin kai. Amma kai da bakinka ka sha gaya mini cewa a kimiyya abin da aka faɗa bana, baɗi wani zai zo da na'urar da ta fi kyau ya ce a'a, ba haka ba ne, kuma wai wannan ne ma kyanta. To madalla. In baɗi aka ce ƙwayar nan ba ta imani ba ce, ta son yaji ce, sai ka yi yaya da mutanen da ka tara a zaure? Ka ƙara turare?

Saurara kuma, akwai ta biyu. Farkon zamana a rumfar citta, na yanko robar cikin tayar keke, baƙa, na naɗe ta a bakin buhun Mama Rifkatu. Ta zura hannu za ta nuna wa mai saye samfur, ta taɓo ta. "Wayyo Yesu! Maciji!" Ta yi baya ta faɗa kan sikeli, ta yi targaɗe, ta yi kwanaki ba ta fito kasuwa ba, ni na riƙa tsare mata rumfa don kunya. Da a ce a lokacin nan an kawo na'urar mutuminka an ɗauki hoton kanta, da an ga wurin tsoro ya kama da wuta, ja da rawaya har da kore. Akwai maciji? Babu. Roba ce.

Bayan nan da daɗewa, da damina, matar nan ta wuni zaune a kan wani buhu tana tsince citta tana waƙoƙinsu na majami'a, hankalinta kwance. Da yamma muka ɗaga buhun, sai ga kububuwa naɗe a ƙarƙashi. Da an ɗauki hoton kanta a wunin nan, da an ga lafiya lau. Akwai maciji? Akwai.

Ka gane ko sai na zana maka a allo? Hoton kai, labarin kai yake bayarwa. Mai son ya san ko akwai maciji, buhu zai ɗaga. Ko da an nuna mini wurin da ke motsi a ƙwaƙwalwata in na yi sujada, abin da aka nuna shi ne Garba yana jin wani abu in ya yi sujada, kuma wannan ai na sani tun ba a ƙera na'urar ba. Bai ce akwai Allah ba, bai ce babu ba. Ubangijin da ya yi kan da abin da ke cikinsa bai zauna jiran a haska shi da na'ura ba.

Kuma bari in gaya maka abin da ke jiranka a makarantar da za ka. Za ka haɗu da wani yaro mai baki irin naka, ka kunna masa bidiyon nan kana taƙama. Zai ce, "Yawwa, na gode. Ashe imanin naku tsoka ce kawai a cikin kai, kamar jin yunwa." Da hujjarka zai kayar da kai. In a kanta ka jingina, ranar za ka koma ɗaki kana tambayar kanka abin da Habibu ya tambaye ni yana yaro. Ni ba na so a dawo mini da kai haka.

Ka ce gado ake yi. To ni da Habibu ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha, dubi wushiryarmu iri ɗaya. Ni sai da aka haife ka na kama salla da gaske, kafin nan in an tayar da iƙama ina bayan sahu ina ɗaure wa mutane gefen riguna. Habibu shi ne mai tashinmu da asuba, shi ke share masallaci ba a sa shi ba. A lokacin wa ke da ƙwayar? Ko daga baya ta yi ƙaura daga kansa ta dawo nawa? Mama Rifkatu da ba ta fashin sujada ranar Lahadi, tata irin ta majami'a ce, tawa ta masallaci? Kuma in gado ne kamar tsawo, ladan me kake jira? An taɓa ba mutum lada don ya yi tsawo? Baffanka a numfashi ɗaya ya gano wannan, kai da ka kalli bidiyon har batir ya mutu ba ka gano ba.

Abin da ya sami Habibu ba sanyin ƙwaya ba ne. Likkafani babba da ƙarami ya bi zuwa maƙabarta a rana guda. Kai me ka taɓa binnewa?

Ni ma na yi irin wautarka a kansa, shi ya sa zuciyata ta ƙara tafasa da na ga ka maimaita. Da na ga watanni sun wuce bai zo masallaci ba, sai na ɗauko wani mai wa'azi na kai masa har gareji. Mutumin ya tsaya a kansa yana jero hujjoji, sama ba ginshiƙi, ruwa daga gajimare, Habibu na tsugune yana kwance injin babur bai ɗago ba. Da muka tafi, ya daina amsa ko gaisuwata. Na koma rumfa ina huci. Mama Rifkatu, wadda ita ma ta binne miji, ta ce, "Garba, me ka kai masa?"

Na ce, "Hujja, Mama. Don ya san akwai Allah."

Ta ce, "Kai, kana da wayo amma ba ka da hankali. Shi ya ce maka babu? Yaron nan fushi yake yi. Mutum yana fushi da wanda ba ya nan? Ka bar shi da Ubangijinsa, su biyu sun san juna. Kai ka kai masa abinci."

Tun ranar abinci nake kai masa. In ajiye, in yi masa tsiyar ƙwallo, in tafi. Abin da ya kawo shi tabarmarmu jiya da danshi a hannu ke nan. Kai kuma ka ba shi amsar tambayar da bai yi ba, ka ɗora masa da cewa an halicce shi da naƙasa.

Ban hana ka karatunka ba, kada ka je ka ce babanka ya tsani boko. Ka karanci kan nan da kyau, ka san jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ka dawo ka yi wa masu farfaɗiya da shanyewar jiki magani, in yi ta yawo a kasuwa ina damun mutane da labarinka. Amma in an tambaye ka abin da na'ura ta gani, ka faɗi iya abin da ta gani ka yi shiru. Ka riƙe sallarka don ka san wanda kake yi wa. In ka ga abokin ɗakinka ya daina salla, ko ya daina zuwa coci, kada ka zaro masa waya. Ka tambaye shi ko ya ci abinci.

Yanzu ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba.

Garejin baffanka a kan hanyar tasha yake. Gobe in ɗan acaɓa ya ɗauko ka, a nan za ka sauka da kayanka. Wayarka ta zauna a aljihu. Ka durƙusa ka gaishe shi. Kada ka ce wasa kake, kada ka ce ba haka kake nufi ba, kada ka fara yi masa bayanin abin da mai farar riga ya so ya ce. Ka ce, "Baffa, na yi kuskure, ka yafe mini." In ya yi shiru, ka zauna. In ya miƙo hannu, ka ba shi sufana. In mota ta tashi ta bar ka, akwai wata. In na ji ka wuce garejin nan ba ka tsaya ba, Sagir, zan hau babur in biyo ka har Zariya, in shiga ajinku in gaya wa 'yan matan ajin shekarun da ka kai kana fitsarin kwance. Ka san zan iya.

A bakin ƙofa, kusa da jakarka, za ka ga kabewa. Juya ta. Tun farkon damina, da takardar shigarka makaranta ta fito, na je bayan gida da ƙusa na rubuta sunanka a jikinta tana ƙarama. Niyyata jiya bayan an ci tuwo in fito da ita ina salati, in ce jama'a ku zo ku ga ikon Allah, har kabewa ta san ɗana zai zama likita. Da na ga Habibu ya shigo, na so in ga ko zai yi dariya, don rabon da in ji dariyarsa tun Zulai na da rai. Ka riga ni buɗe baki.

Ka ɗauke ta ka kai masa. Da ajami ne, kai ba za ka iya karantawa ba, amma shi da ya ga wutsiyar harafin ƙarshe zai san hannun. Ka ce in ji Yaya, wannan ma shi ya rubuta. Ka ce mamanka ta ce ya kawo ta ranar Juma'a a yi taushe, a ci tun ba ta ruɓe ba.

In ya karɓa, ka tafi tasha. Kuma kada ka bugo mini waya ranar Juma'a kana tambaya ko ya zo da danshi a hannu. In na gani ma ba zan faɗa maka ba, sai ka koyi riƙe baki.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya tsare maka imaninka, ya tsare mutane daga harshenka, ya sanyaya zuciyar baffanka. Mamanka ta ce gyaɗar Mama Rifkatu tana aljihun gefe na jakar, kada ka zauna a kanta.

Wassalam.

Ni ne babanka,
Garba.